Zuciyar Kaka a Ƙarƙashin Teku

A tsibirin Jeju, inda duwatsu baƙaƙe ne kamar gawayi,
kakata Bu Sun-deok ta cika saba'in da huɗu,
tana shiga teku ba tukunyar iska a baya.
Numfashi ɗaya take ɗauka, kamar bashi,
ta nitse da shi, ta biya in ta fito.

Ni ma'aikaciyar jinya ce.
Na san ɗakuna huɗu na zuciya da ƙofofinsu,
wanne ke karɓa, wanne ke turawa.
Ran nan na ɗaura mata agogon ƙirga bugu,
ta yi dariya: "Ye-rim, kin sa wa kifi takalmi."

A bakin gaɓa, saba'in da takwas a minti.
Ruwan sanyi ya taɓa fuskarta: sittin.
Gaba biyar ƙasa, inda haske ke komawa kore,
arba'in da ɗaya.
Zuciya ta sassauta taku
kamar mai ratsa ɗakin da jariri ke barci.
Jini ya janye daga yatsu da ƙafafu,
ya koma gadin ƙwaƙwalwa da ƙirji.
Saifa ta matse, ta zubo ajiyarta
kamar uwa mai kwance bakin zane ranar babu.

Sai ta ɓullo da fito, siririn fito,
tsohuwar iska na fita, sabuwa na shiga,
dodon koɗi biyu a raga, da ganyen teku.

Ni kuwa, shekara talatin da uku,
bene hawa uku ya sa ni haki kamar an koro ni.
Duk wata ina biya in yi gudu a kan na'ura
wadda ba ta kai ni ko'ina,
in fito in sayi taliyar leda da tsakar dare,
in ci a tsaye ina duba waya.

Ita nata: sha'ir da 'yar shinkafa,
gasasshen dankali, miyar ganyen teku,
kifi guda wanda ta san inda ya kwana.
Ba ta cika ciki. Ta ce cikakken ciki dutse ne,
ga shi ta riga ta ɗaura dalma a ƙugu.

Amma kada in yi ƙarya don in yabe ta.
Likita Hyeon ya matse mata damtse, ya daɗe yana duba:
ɗari da sittin bisa casa'in da biyar. Hawan jini.
Ya ce gishiri ne: kabejin da take tsumawa,
da miyar waken da ta shekara a tulu.
Gishiri ya riƙe ruwa, ruwa ya cika jijiya,
jijiya ta gaji da miƙewa, sai ta taurare.
Kaka ta ce: "Shekara sittin ina cikin gishiri har wuya,
yau cokali ɗaya ne zai kashe ni?"
Ya ce: "Na teku a fata yake tsayawa.
Na cokali ciki yake shiga."

Ba ta ce uffan ba har gida.

A gindin lemo muka yi ciniki.
Ita ta rage cokali, ta haɗiyi ƙwaya da safe,
ni in ajiye mota, in ɗauko ragarta daga gaɓa,
kilo goma sha biyar, hawan tudu.

Wata huɗu ke nan.
Miya ta yi lami, kullum sai ta yi mita,
sau biyu na kama hannunta a tulun gishiri.
Nata ya sauko ɗari da arba'in.
Bugun tawa ya bar casa'in, ya koma saba'in da shida.

Jiya a kan tudu na tsaya in huta,
ta kama wuyan hannuna da yatsunta masu kanta,
ba agogo, ba lissafi, ta yi shiru tana saurare.
Ta ce: "Har yanzu gudu take kamar ana bin ta bashi.
Gobe ki zo ki sa fuskarki a ruwa."